Ofishin tafiye-tafiyen 'yan Polan a titin Milwaukee: sun iya takarda, ba su san hanyar Kano ba

Idan kana zaune a Shikago da koren fasfo a aljihunka, kuma tafiya ta taso maka zuwa Turai, akwai wani ɗan ofishin tafiye-tafiye na 'yan Polan a kan titin Milwaukee, ta ɓangaren unguwar Avondale, da zan tura ka wurinsa da zuciya ɗaya. Idan kuwa Kano za ka ko Yamai, riƙe kuɗinka ka nemi wani wurin. Ba zan kama sunan ofishin ba, domin zan faɗi aibinsa yadda zan faɗi alherinsa, kuma matar da ke da shi ba ta san ina rubutu a kanta ba. Irinsa ma ba ɗaya ba ne a yankin. Daga Avondale har ka miƙa titin Belmont ta yamma za ka yi ta cin karo da allunansu, fari da ja, da hoton jirgin sama a manne a gilashi.

Ni aikin daɓen tayil nake yi, kuma maigidana a wurin aiki mutumin Polan ne, daga yankin duwatsun kudu, wajejen Nowy Targ. Duk wanda ya taɓa harkar gini a garin nan ya san 'yan Polan ne suka riƙe ta, daga kafinta zuwa mai fenti zuwa mai rufin kwano. Shi ya haɗa ni da ofishin, lokacin da ya gayyace ni bikin ɗansa da aka yi can garinsu. Ya ce in je wurin Pani, haka kowa ke kiranta, in ce shi ya turo ni.

Wurin ƙarami ne, tsukukke. Tebur biyu, kwamfuta biyu, injin ɗaukar hoton fasfo a lungu, sai wani ƙaton sikeli a bakin ƙofa inda ake auna kwalayen da mutane ke aikawa gida ta jirgin ruwa. Rabin ɗakin ma kwalayen ne suka cinye, an ɗaure su da salatif an rubuta sunayen ƙauyukan da ba zan iya furtawa ba. Rediyo na kunne da harshensu daga safe har yamma. A kan benci akwai Dziennik Związkowy, jaridarsu ta garin nan da ke fitowa tun 1908. A bango akwai hoton Fafaroma John Paul na biyu, wanda da wuya ka shiga shagon ɗan Polan ba ka gan shi ba, kusa da shi kuma wani shafin jarida da aka saka a gilashi mai ɗauke da kwanan wata 11 ga Nuwamban 2019. Zan dawo kan wannan ranar, domin ita ce ta bayyana mini dalilin da ya sa ofishin yake yadda yake.

Aikinsu dai tikitin jirgi, cike fom, hoton fasfo, fassarar takardu tsakanin harshensu da Turanci, buga hatimin shaidar sa hannu, inshorar tafiya, da aika kaya. Wanda ya san masu rubuta wa mutane wasiƙa da takardar ƙara a bakin kotu a gida zai gane sana'ar nan take, sai dai nan da kwamfuta ake yi.

Abin da ya fara kai ni shi ne bizar Schengen, wato biza ɗaya da ke shigar da mutum yawancin ƙasashen Turai, har da Polan. Girin kad, wato katin izinin zama a Amurka, ba ya shigar da mutum Polan. Fasfonka ake dubawa, kuma mai fasfon Najeriya sai da biza. Na shiga da tarin takardu a cikin leda. Pani ta zazzage su a kan tebur, ta raba gida biyu ba tare da ta ce uffan ba, ta maida mini rabi ta ce ba wanda ya tambaye ni waɗannan. Sannan ta fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ta duba ko fasfon zai kai wata uku da rai bayan ranar da zan bar Turai, ta ƙirga shafukan da ba a buga wa komai ba, ta duba ranar ƙarewar girin kad ɗin. Inshorar da na saya a intanet ta ajiye gefe, ta nuna mini da biro cewa ba ta kai yuro 30,000 da dokar ta tanada ba, kuma ba ta ambaci dukkan ƙasashen Schengen ba. Hoton da na zo da shi ma ta ce na Amurka ne mai kusurwa huɗu daidai, su kuwa milimita 35 da 45 suke karɓa. Nan take ta zaunar da ni ta ɗauki wani.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta tsaya a kan takardar gayyata. Maigidana ya rubuto wasiƙa doguwa mai cike da yabo, wai ni ɗan uwansa ne, amininsa. Pani ta karanta ta yi dariya ta kira shi a waya, suka yi ta kai ruwa rana da harshensu. Da ta ajiye ta ce mini jami'i ba yabo yake nema ba, so yake ya san inda zan kwana, wa zai ciyar da ni, da ranar da zan fita. Aka sake rubuta ta layi shida. Ta cike fom ɗin a shafin ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke Lake Shore Drive, ta kama mini ranar zuwa, ta jera takardun yadda za a tambaye su, ta ce kada in amsa abin da ba a tambaye ni ba. Kuɗin bizar yuro 90 ne tun tsakiyar 2024, wannan na gwamnati ne. Ladan aikinta kuwa bai kai abin da nake samu a rabin yinin aiki ba, kuma ta ba ni rasit. Biza ta fito, na je biki, na sha rawar mutanen dutse da idona.

Komawata ta biyu ita ce ta sa na ga ya kamata in yi wannan rubutun. Ina so in gayyato mahaifiyata ta zo ta ga jikokinta, kuma a cikin 'yan uwanmu na nan an daɗe ana yaɗa cewa idan aka buga wa takardar gayyata hatimi, aka haɗa da bayanan asusun banki na mai gayyata, to magana ta ƙare. Na ce Pani ta shirya mini irin wannan. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce za ta buga hatimin idan na matsa, dala kaɗan ne, amma ba za ta ɓoye mini ba, takardar ba ta da nauyin da nake zato. Dokar Amurka, sashe na 214(b), tana ɗaukar duk mai neman bizar ziyara a matsayin wanda ke da niyyar zama, har sai shi da kansa ya gamsar da jami'in cewa zai koma. Abin da ke riƙe da tsohuwa a gida shi ake aunawa: iyali, gida, sana'a, tafiye-tafiyen da ta taɓa yi ta dawo. Sau da yawa ma jami'in ba ya ko buɗe takardun da aka kawo. Ta ce in mayar da hankali wajen cike fom na gaskiya, Hajiya ta san abin da aka rubuta a ciki, ta yi magana da bakinta. Ta ƙara da cewa duk wanda ya karɓi kuɗina ya ce ya san wani a ciki, ɓarawo ne.

Mace mai sayar da hatimi tana hana ka sayen hatimi, wannan ba kullum ake gani ba. Na tambaye ta ina ta san duk wannan. Ta nuna shafin jaridar nan na bango, ta ce shekara kusan talatin suna shan abin da muke sha.

Mu da muke kallon Bature a matsayin wanda duk ƙofa a buɗe take gare shi, zai yi mana wuya mu yarda, amma har zuwa ƙarshen 2019 ɗan Polan sai ya biya dala 160, ya yi layi a ofishin jakadancin Amurka da ke Warsaw ko ƙaramin ofishin da ke Krakow, ya tsaya gaban gilashi a yi masa tambayoyi, kuma a iya hana shi ba a maida masa ko sisi ba. Alhali ita Polan tun 1991 ta ɗage wa Amurkawa biza. Maigidana ya ce akwai dangin da suka yi shekara goma sha ba su ga juna ba: wanda ke nan ya wuce wa'adinsa ba ya iya fita, wanda ke can an hana shi zuwa saboda ɗan uwansa ya wuce wa'adi. Jana'izar iyaye ta wuce mutane da yawa a haka. Mutanen yankinsu na duwatsu su suka fi jin jiki, don an san su da zuwa Shikago aiki.

Tsarin da suke neman shiga Amurka ta kafa shi ne a 1986, Birtaniya da Japan suka fara cin moriyarsa a 1988. Ɗan ƙasar da ke ciki yana iya zuwa ziyara ko harkar kasuwanci na kwana 90 ba tare da biza ba. Sharuɗɗansa da dama, akwai fasfo mai na'ura da musayar bayanan tsaro, amma wanda ya tsone wa Polan ido guda ne: dole waɗanda ake hana wa bizar ziyara daga ƙasar su gaza kashi 3 cikin ɗari a shekara. A 2007 majalisar Amurka ta sassauta na ɗan lokaci zuwa kashi 10, sai ga shi a Nuwamban 2008 an shigar da Cek, Silobakiya, Hungari, Lituweniya, Latbiya, Istoniya da Koriya ta Kudu. Maƙwabta da dama sun wuce, Polan tana tsaye, don adadinta ya haura kashi 10. Kafin ya sauko, taga ta rufe.

A nan ne ran 'yan Polan na Amurka ya ɓaci, kuma da hujjarsu. Ƙasarsu ta shiga NATO a 1999, ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta tura sojoji wajen 2,500 Iraƙi har aka ba ta jagorancin rundunar haɗin gwiwa a tsakiyar kudancin ƙasar, ta kuma tura wasu lardin Ghazni na Afghanistan. Maigidana, wanda ba ya raina abin faɗa, yakan ce yaro ya isa ya mutu kusa da sojan Amurka a Karbala, amma uwarsa ba ta isa ta zo ganin jika a Shikago ba.

Ba kuka kawai suka tsaya yi ba. Amurkawa masu tsatson Polan sun kai miliyan tara ko kusa da haka, kuma suna da tsofaffin ƙungiyoyi masu rajista da kuɗi da ofisoshi. Polish National Alliance tun 1880 take, hedikwatarta na nan garin. Polish American Congress, uwar ƙungiyoyinsu, an kafa ta a Buffalo a 1944, kuma ta mayar da maganar biza babban abin da take kamun ƙafa a kai a Washington. Pani ta ce a kan wannan teburin nata aka riƙa ajiye takardun koke, duk wanda ya zo aika kwali sai ya sa hannu kafin ya fita, a coci ma haka bayan ibadar Lahadi. A lokacin suna da mutanensu a majalisa. Sanata Barbara Mikulski ta jihar Maryland, wadda kakanninta daga Polan suka zo, ta yi shekaru tana gabatar da ƙuduri. Sanata Mark Kirk na Illinois da ɗan majalisar wakilai Mike Quigley na nan Shikago suka mara mata baya, duk da Kirk ɗan Republican ne su kuma 'yan Democrat. Hujjarsu mai ma'ana ce: adadin waɗanda aka hana ra'ayin jami'i ne kawai yake nunawa, abin da ya kamata a auna shi ne mutum nawa suka zo suka ƙi komawa. Gyaran ya shiga babban ƙudurin shige da fice da majalisar dattawa ta amince da shi a Yunin 2013, majalisar wakilai ta ƙi ko duba shi, ya mutu a nan.

Alƙawari kuwa sun sha shi har sun ƙoshi. Obama ya faɗa wa shugaba Bronisław Komorowski a Disambar 2010 cewa yana sa ran a warware matsalar kafin ya sauka. Ya sauka ba a warware ba. Trump ya zo Shikago lokacin yaƙin neman zaɓe a Satumbar 2016, ya zauna da shugabannin ƙungiyoyinsu, shi ma ya yi nasa. Ko majalisar Tarayyar Turai ta shiga faɗan a Maris na 2017, ta nemi a maido wa Amurkawa biza tunda an bar Polan da Romaniya da Bulgeriya da Kuroshiya da Saifurus a waje. An daɗe ana gafara sa ba a ga ƙaho ba.

A kan abin da ya kawo ƙarshen lamarin, maigidana da Pani ba sa jituwa, kuma na ji su suna musu a kai. Shi yana cewa ƙuri'a ce: 'yan Polan na da yawa a Michigan da Wisconsin da Pennsylvania, jihohin da ke yanke hukuncin zaɓe, kuma 2020 na ƙaratowa. Ita kuwa cewa take yi ba a canza ko harafi ɗaya na dokar ba. Adadin ne ya sauko da kansa. Tun da Polan ta shiga Tarayyar Turai, Birtaniya da Ayalan suka buɗe wa 'yan ƙasar ƙofar aiki nan take, saurayin da a da zai ci bashi ya nemi bizar Amurka ya zo ya ɓuya yana wanke-wanke sai ya hau jirgi mai araha zuwa Landan ko Dublin ya yi aiki da izini. Tattalin arziƙin gida ma ya tashi. Masu neman bizar suka koma 'yan yawon buɗe ido da 'yan kasuwa. A 2018 adadin ya tsaya dab da kashi 4. Jakadiyar Amurka a Warsaw ta lokacin, Georgette Mosbacher, ta fito fili tana kiran waɗanda suka cancanta su nemi biza kafin shekarar kasafin Amurka ta ƙare ranar 30 ga Satumba, don yawan waɗanda aka ba wa ya rinjayi na waɗanda aka hana. Haƙa ta cimma ruwa, adadin ya faɗo ƙasa da kashi 3. Ranar 4 ga Oktoban 2019 Trump ya sanar da gabatar da sunan Polan, tsarin ya fara aiki ranar 11 ga Nuwamba, wadda ita ce ranar bikin 'yancin kan ƙasar. Polan ta zama ta 39 a jerin.

Ni dai na fi karkata ga Pani, amma ba gaba ɗaya ba. Lissafi ne ya buɗe ƙofar, wannan gaskiya ne. Sai dai cika sharaɗi ba ya tilasta wa Amurka komai. Dokar ta ba gwamnati damar shigar da ƙasa ne, ba ta wajabta mata ba. Romaniya ta cika sharaɗin, aka sanar da shigarta a Janairun 2025, kafin tsarin ya fara aiki aka soke a watan Mayu. Ajantina ma ta taɓa kasancewa a ciki aka fitar da ita a 2002. A wurin Polan, wata ɗaya da 'yan kwanaki ne tsakanin sanarwa da fara aiki, kuma ban yarda hakan zai yiwu ba da a ce ba a yi shekaru ana buga wa 'yan majalisa waya daga shaguna irin wannan ba. Fayil ɗin yana saman tebur ranar da adadin ya faɗo, don akwai waɗanda ba su bari ya yi ƙura ba.

Ba zan ɓoye ba, labarin yana da ɗaci a bakin ɗan Najeriya. Wata uku ba su cika ba da bikinsu, a ƙarshen Janairun 2020, aka saka Najeriya a jerin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama. An janye wannan a 2021, amma a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyararmu ta shiga ɗaya, wata uku. Pani ta san wannan kafin in gaya mata. Ba ta yi mini daɗin baki ba, cewa kawai ta yi in gaya wa Hajiya kada ta sayi tikiti sai fasfo ya dawo hannunta.

Su kansu murnarsu ba ta yi nisa ba a karon farko. Wata huɗu da buɗe ƙofa korona ta zo, a tsakiyar Maris na 2020 Amurka ta rufe wa ƙasashen Schengen iyaka, ba a sake buɗewa ba sai Nuwamban 2021. Pani ta ce kwalaye ne suka riƙe ofishin a wannan tsakanin.

Ɗage bizar ya rage mata ciniki ta wani gefen, don takardun gayyata da na ɗaukar nauyi da a da suke kawo kuɗi sun ja baya. Yanzu abin da ake nema shi ne ESTA, izinin da matafiyi ke cikewa a intanet kafin ya hau jirgi, mai aiki shekara biyu ko zuwa ƙarewar fasfo. Dala 14 ne lokacin da Polan ta shiga, ya koma 21 a 2022, ya kai 40 a ƙarshen Satumbar 2025. Na zauna ina jiran layina na ga yadda take yi da masu zuwa a kansa. Wani saurayi ya zo a cike wa ƙanwarsa, ta rubuta masa adireshin shafin gwamnati a takarda ta ce ya je ya yi da kansa a waya, minti ashirin ne, ya kuma kula da shafukan bogi masu kama da na gwamnati da ke ninka kuɗin. Tsofaffi kaɗai take cike wa. Wata mata kuma ta zo tana so a kawo 'yar uwarta ta yi aikin kula da wata tsohuwa na wata shida. Pani ta ce mata ESTA ba izinin aiki ba ne, kwana 90 ne ba a ƙarawa, wanda ya shigo da shi ya riga ya sa hannu cewa ba zai ƙalubalanci korarsa a gaban alƙali ba, kuma jami'in filin jirgin O'Hare yana da ikon juya mutum a jirgin da ya kawo shi. Matar ta fita tana gunaguni. Wani abin da take tambaya tun kafin ta taɓa kwamfuta shi ne ko mutum ya je Iraƙi, Iran, Siriya, Sudan, Libiya, Somaliya ko Yaman daga Maris na 2011, ko Kyuba daga Janairun 2021, don wanda ya je sai dai ya koma layin biza. 'Yan Polan na son hutu a Kyuba, kuma ta ce wannan tambayar ta kama mutane da yawa. 'Yan uwanmu masu fasfon Birtaniya ko Jamus da ke zuwa ganin dangi a Sudan, wannan ya shafe ku.

To, ga inda ofishin ya gaza. Na nemi tikitin iyali zuwa Kano. Yarinyar da ke tebur na biyu ta buga, ta ce mini ga Legas, ga Abuja. Na ce Kano. Ta tambaye ni ko ba za mu iya sauka Legas mu hau mota ba, kamar tafiyar awa biyu ce. Da na nuna mata a taswira ta yi shiru. Daga ƙarshe ta haɗo mini wata hanya mai tsayawa biyu a Turai, da tikitin cikin gida daban wanda ba a haɗe yake da na farko ba, ma'ana idan jirgi ya yi latti asarar tawa ce, kaya kuma sai na karɓa na sake aunawa. Ba ta ma lura cewa tsayawa a filaye biyu na Schengen yana buƙatar biza ga mai fasfo irin na matata ba, abin da Pani da kanta za ta gani da ido ɗaya. Hanyar Addis Ababa da ta Doha, waɗanda duk ɗan Arewa a nan ya sani, ni na gaya mata su. Farashin da ta samo bai fi wanda na gani a wayata sauƙi ba, ga ladan ofis a kai. Ban saya ba. Idan Warsaw ne ko Krakow, suna da farashin LOT, kamfanin jirgin saman Polan, da ba ka samu a intanet, musamman na bazara idan ka yi da wuri. Kudu da Bahar Rum kuwa lalube suke yi.

Aika kaya ma Polan ce kawai da maƙwabtanta. Fassara ba su yi sai harshensu da Turanci, saboda haka takardar haihuwa ko ta aure da aka rubuta da Faransanci daga Nijar sai ka kai wani wurin.

Akwai kuma halin wurin, wanda sai ka saba. Ba a yi maka maraba. Za ka yi sallama a ɗaga kai a dube ka a ci gaba da aiki. Mu da muka saba da gaisuwa mai tsawo sai mu ɗauka wulaƙanci ne ko wariya, ni ma da farko haka na zata, har na ga yadda ta amsa wa wani dattijo ɗan ƙasarsu da ya zo da kwali ya fi nauyin da aka yarda. Kowa haka take yi masa. Layi ma ba shi da tsari: wanda ya shigo da harshensu yakan tsallake ka ya jefa tambaya daga bakin ƙofa, a amsa masa, tambayar ta zama hira. Waya ba a cika ɗauka ba, saƙon imel kuwa sai ka manta ka aika kafin a ba ka amsa. Sun fi son kuɗi hannu. Kati na da ɗan ƙari. Turancin Pani yana da nauyi amma ana ganewa, kuma duk abin da ya shafi kwanan wata ko kuɗi takan rubuta maka a takarda.

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba kada ka je ranar Asabar. Lokacin ne ake aika kwalayen Kirsimeti ta ruwa, layi har waje, ba mai sauraron maganar biza. Safiyar Talata ko Laraba ta fi, kuma ka tambaya ko Pani da kanta tana nan, domin bambancin teburin farko da na biyu shi ne bambancin duk abin da na yaba da duk abin da na kushe. Wurin ajiye mota a kan Milwaukee na kuɗi ne kuma da wuya, gara ka hau jirgin ƙasa na Blue Line ka ƙarasa da bas. Idan jira ya yi tsawo akwai kantin abincinsu a kusa, burodin hatsin rai da kifin gwangwani da cincin ɗinsu mai jam a ciki ba laifi, amma ka tambaya da wane mai aka soya, don man alade a girkinsu ruwan dare ne, tsiran nan nasu da ke rataye kuwa kada ka ko tambaya.

Ka tafi da fasfo da girin kad na asali, ba kwafi ba, da takardar albashi ta wata uku, da wasiƙar wurin aiki mai nuna ranar da za ka koma. Bizar Schengen ana iya nemanta tun wata shida kafin tafiya, kuma ranakun ganawa na bazara suna ƙarewa da wuri, don haka mai bikin Yuli ya shiga wurinta tun Maris.